Hedimasta Ba Ya Shiga Hoto da Singileti

Duk ranar da masana suka zauna rubuta tarihin likitanci a ƙasar Hausa, wajibi ne su ware babi guda sukutum ga babbar riga. Sun yi rubutu a kan sauro, sun yi a kan ruwan rijiya da ƙudan kasuwa, amma har yau ban ci karo da wanda ya tsaya ya auna abin da farar shadda mai aiki, wadda ta sha bugu, take iya ɓoyewa daga idon likita ba. Ni malamin makaranta ne, ba masani ba. Sai dai na ga abin da idona, a jikin yayana, shekarar korona, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani ya tsira.

Yayana Malam Garba ya daɗe yana hedimasta, a nan Kabo da kuma wajen Gwarzo, kafin ya yi ritaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma tazarar da ke tsakaninmu ta kai a ce shi ya kai ni makaranta, shi ne kuma ya fara zane ni a cikinta. Mutum ne mai tsari. Ko awaki zai zuba wa dusa sai ya zura riga, wai bai san wanda zai yi sallama ba. Rabin ma'aikatan da ke yankin nan, daga masu allura zuwa masu karɓar haraji, ta hannunsa suka bi, kuma har suka yi furfura in sun hango shi sai su gyara tsayuwa.

Ciwon ya fara masa ne a lokacin da aka sa dokar kulle. Bazara ta yi tsanani, azumi ya kama, an datse hanyoyi, kullum kuma sai labari ya zo daga birni cewa dattijo wane ya rasu. Makon farko zazzaɓi ne da ciwon gaɓoɓi, ya ce na cizon sauro ne, ya san shi tun kafin a haife mu. Alamar farko da ya kamata mu lura da ita ta zo ne a matsayin rigimar cikin gida. An sha ruwa, ya kurɓi kunu, ya ce wa matarsa Hajiya Asabe ta manta tsamiya.

Ta ce, "Malam, tun kana ƙaramin malami nake dama maka kunun nan. Yau ne zan manta tsamiya?"

"To ban ji ta ba."

"Malam Sule, ɗanɗana ka raba mu."

Na ɗanɗana, tsami har kunne. Na ce ni ba na shiga tsakanin manya. Muka yi dariya. Ashe bakinsa ne ya daina jin ɗanɗano, hancinsa ma ya daina jin ƙamshi, mu kuma muka ɗauke shi tsufa.

Kada wani ya zaci Yaya yana cikin masu cewa cutar ƙarya ce. Shi ne ya sa aka ajiye buta da sabulu a ƙofar zaure, shi ne ya hana musabaha a unguwa har wasu suka ji haushinsa. Ya yarda akwai korona sarai. Abin da bai yarda da shi ba shi ne za ta kama mutumin da ya bi doka.

Dangi kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Tun da ba a shigowa, sai shawara ta riƙa zuwa ta katanga da ta waya. Wannan ya ce tazargade, wancan ya ce sirace da ganyen darbejiya, wata ta aiko da citta da lemon tsami da tafarnuwa, wani ya aiko da rubutu a galan. Duk mun karɓa mun gode, da yawa kuma mun yi. Ɗakin Yaya ya koma kamar rumfar mai maganin gargajiya. Abin da na lura shi ne babu wanda ya taɓa kiran sunan cutar a gidan. "Wannan abin" ake cewa, shi ma a yi ƙasa da murya, kamar ana maganar wani ɗan gida da ya yi abin kunya.

Mako na biyu tari ya shigo, busasshe, mai tsayawa a wuya. Na lallaɓa wani maƙwabci ya kai mu asibiti a motarsa. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba su yi mana laifin komai ba. Layi ya miƙe daga baranda har ƙarƙashin itatuwa, mutane a zaune a kan takalmansu, ma'aikata 'yan kaɗan, kowa da takunkumin da ya sha wanki. Ta taga ake ganin marasa lafiya. Ma'aikacin da ke bakin tagar ya hango Yaya, ya miƙe zumbur, ya yafito mu mu wuce gaba. Yaya ya girgiza kai.

Na ce, "Yaya, ɗalibinka ne fa, alfarma zai yi maka."

Ya ce, "Ni na koya masa bin layi. Yanzu kuma in koya masa tsallakewa?"

Muka zauna har rana ta take. Da muka kai taga aka ba shi maganin zazzaɓi da na tari, aka ce gwajin wannan abin sai masu zuwa daga Kano, ga lamba a kira. Na kira lambar har na haddace ta. Kuɗin magani kuwa ban riƙe lissafi ba. Na dai san tumakin Hajiya Asabe sun ragu, mai kemis ɗin bakin kasuwa kuma ya fara tambayata lafiyar iyali da sunayensu.

A nan ne Rakiya ta shigo labarin. Matar babban ɗan Yaya ce, mijin nata kulle ya rutsa da shi a Kudu inda yake aiki. Malamar asibiti ce a wani ƙaramin asibiti ta wajen Gude, irin wanda ɗaki biyu ne da baranda. Ita da abokan aikinta na Kabo da Gwarzo suna da guruf a waya, wanda wani likita ɗan asalin Gwarzo mai aiki a Kano, Dakta Nura, ya buɗe musu da annobar ta taso. A lokacin da ba mai iya zuwa wajen wani, wannan guruf shi ne asibitin yankin gaba ɗaya. A ciki ake cewa wa ke da ragowar safar hannu, wane shinge ne ake barin mara lafiya ya wuce, ina aka samu gado. Malamar ƙauye za ta turo hoton ƙurji ko muryar mai tari, likita yana Kano ya ce a ba da kaza. Na san wata mai naƙuda da aka ceto ta wannan hanya, ana faɗa wa ungozoma abin yi da saƙon murya. Duk abin da zan faɗa nan gaba, a riƙe wannan: ban taɓa ganin waya ta yi aikin alheri kamar yadda ta yi a hannun waɗannan mutane ba.

Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa mutum a yatsa ta nuna yawan iskar da ke jininsa. Asibitin su Rakiya ba su da ita. Don haka idan numfashin mutum ya fara nauyi, sai likita ya ce a ɗauko shi a bidiyo, ya duba da ido.

Ƙarshen mako na biyu Yaya ya fara haki. Daga ɗaki zuwa bayi sai ya tsaya ya dafa bango, wai yana duba inda siminti ya tsage. Wata rana da hantsi Rakiya ta yi sallama, ta tsaya a zaure, ta ce ni take nema.

"Baffa, an samu gado ɗaya a Kano mai oksijin. Gobe mota za ta shigo yankin nan. Mutum biyu ake dubawa, Baba da wani bawan Allah a Getso. Dakta ya ce kowanne a turo bidiyonsa, wanda ya fi matsuwa shi za a ɗauka."

"To ai sai ki shiga ki ɗauka."

Ta sunkuyar da kai. "Cewa ya yi a cire riga. Ƙirjin yake son gani, yadda yake hawa da sauka. Kuma a sa shi ya yi magana, a ji ko yana kaiwa ƙarshe."

"To?"

"Baffa, ni ba zan iya faɗa wa Baba haka ba."

Yarinyar nan ta karɓi haihuwa ba adadi, ta wanke gyambon da ni ko kallo ba zan iya ba. Amma tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskar surukinta ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi. Duk shawarar da ta bayar a jinyar nan ta bakina ko ta bakin Hajiya Asabe take bi, kamar yadda ake kai wa mai gari magana.

Na shiga na same shi a kishingiɗe, daga shi sai singileti da zani. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara kamar yadda yake sauraron malamin da ya zo neman izinin fashi.

Ya ce, "Su wa za su gani?"

"Likita."

"Na ji ana cewa guruf. Su wa ke ciki?"

Daga bayan labule Rakiya ta fara lissafo sunaye a hankali. Kusan kowane suna sai ya ɗaga gira.

"Ɗan gidan Sarkin Fawa yana ciki?"

"Yana ciki, Baba."

"Wanda ya maimaita aji huɗu?"

"Yanzu shi ke kula da ɗakin magani, Baba."

"To shi ne zai zauna ya ƙirga haƙarƙarina?"

Na ce a tura wa likita shi kaɗai mana. Rakiya ta ce ƙa'idarsu a guruf ake sawa, don direba da masu karɓa a can su gani, amma za ta iya roƙo. Yaya ya ce kada ta wahalar da kanta, shi Nuran ɗan wa ye, ba shi ya koya masa riƙe fensir ba? Sannan ya ɗaga murya iya abin da ƙirjinsa ya bari.

"Asabe, farar shaddar nan."

Na ce, "Yaya, likita ne zai duba ka, ba sufeton makarantu ba."

Ya ce, "Sule, da na nemi ra'ayinka da ka ji."

A gidanmu nan ne ƙarshen muhawara, tun ina ɗan aji ɗaya.

Sa rigar nan ya ɗauke mu lokaci mai tsawo. A zura hannu ɗaya, a huta. A zura ɗayan, a huta. Hajiya Asabe ta goge masa fuska, ta sa masa kwalli, ta daidaita masa hula, ta ɗauko turare ta fesa.

Na ce, "Hajiya, turare ba ya fita a waya."

Ta ce, "Ai shi yana ji."

Ba ya ji, amma ban gyara mata ba.

Muka ɗora shi a kujerarsa ta gaban kantar littattafai, muka tokare bayansa da matashi. Rigar ta baje daga kafaɗa har ƙasa, aikin wuyan ya rufe ƙirjin ruf. Ko tantabara ce ke fuffuka a ciki ba mai ganewa. Rakiya ta shigo ta durƙusa, ta ɗaga waya, idonta a ƙasa. Ɗaukar farko rufin ɗaki ta samu da rabin hula. Na gyara mata hannu.

Ya fara jawabi, irin na taron safe. Bai kai tsakiyar jimlar farko ba tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Goge." Aka sake, numfashi ya yanke masa a tsakiyar gaisuwa. "Goge." Rakiya ta ɗan juyo ta dube ni, na dubi Hajiya Asabe, ita kuma ta dubi mijinta. Duk mun san wanda aka goge shi likita ke nema. Amma ɗaya suruka ce, ɗaya mata, ɗaya ƙane, kuma babu ɗayanmu da aka rena a kan ya ce wa Malam Garba a'a.

Sai ya rufe ido. Na zaci gajiya ce, ashe aiki yake. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara taƙaita dogon labari, ya zauna ya auna tsawon numfashinsa, ya yanka jawabinsa daidai da shi. Ya buɗe ido ya ce a ɗauka.

"Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi. Ku riƙe aikinku da amana. Ku kula da kanku. Allah ya yi muku albarka."

Tsakanin kowace magana yakan tsaya ya dubi wayar, irin tsayawar da yake yi a gaban ɗalibai don magana ta shiga. Wanda bai sani ba zai ce kwarjini ne. Iska yake nema. Ana sauke wayar ya zube a jikin matashi, gumi ya jiƙa wuyan rigar, leɓɓansa sun yi duhu. Ya ce, "Wannan ya yi. Tura."

Ta tura.

Abin da ya biyo baya ban taɓa tsammaninsa ba. Wayar Rakiya ta kama ƙara ba ƙaƙƙautawa. Allah ya ƙara sauƙi, Baba Hedimasta. Allah ya sa kaffara ne. Baba ya tuna ni kuwa, ni ce ta ajin Malama wance. Masha Allah, Baba yana nan yadda yake. Masu rubutu na yi, masu murya na yi, wani har da karatun addu'a mai tsawo. Rakiya ta fita tsakar gida ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa Dakta a lura, ba haka yake ba, sai da aka yi ta sakewa. Ta nuna mini. Kafin in gama karantawa addu'o'i sun ture saƙon sama, ya nutse. Ta kira likitan kai tsaye, waya a cike. Ta sake kira, a cike. Sai daga baya muka ji shi kansa a killace yake a ɗaki da zazzaɓi, yana duba marasa lafiyar ƙananan hukumomi biyu daga kan katifa.

Bayan la'asar muryarsa ta shigo, a dishe. Ya ce alhamdulillahi, Baba Hedimasta yana zaune da kansa, yana kai ƙarshen maganarsa. Na Getso ya fi matsuwa, shi mota za ta ɗauka. A ci gaba da magani, a riƙa kwantar da Baba rub da ciki, in an ga canji a sake turowa.

Na ga bidiyon mutumin Getso. Yana kwance a tabarma a tsakar gida, daga shi sai gajeren wando, ramin wuyansa yana shiga yana fita, wata mata na kuka a gefe, kaza ta ratsa ta gabansa. Ko sallama babu. Yaya ya ce a nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah sarki, wannan ai ya fi ni bukata." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ko zani ba su lulluɓa masa ba."

Ba zan ɓoye ba, yinin nan shi ne mafi daɗi da Yaya ya yi a duk jinyarsa. Ya sa na zauna ina karanta masa gaisuwar ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna sai ya faɗi uban yaron, da ajinsa, da laifin da ya fi yi. Ya ci abinci fiye da kullum. Hajiya Asabe ta ce ka gani, addu'ar jama'a ta fara aiki. Ni ma na so in yarda.

Kwanciyar rub da ciki ma sai da ta zama shari'a. Wata gwaggonmu ta aiko cewa kwanciya ce da addini ya hana, kada mu kuskura. Sai da limamin unguwa ya tsaya a bakin zaure ya ce lalura ce, babu laifi, sannan Yaya ya yarda, da sharaɗin a saki labule kowa ya fita.

Mako na uku bai zo da wasa ba. Ya daina zuwa bayi da ƙafarsa. Salla a kwance, da ishara. Magana ta koma kalma ɗaya ɗaya, sannan ta koma ɗaga yatsa. Duk da haka in ka ce yaya jiki, leɓɓansa za su motsa, ka san abin da suke cewa. Rakiya ta rubuta a guruf cewa jiki ya tsananta, aka ce babu gado, a dai riƙe shi, ana nema. Kowa a can yana tuna dattijon da ya gani a kujera.

Wata safiya ta dawo daga aiki ko jaka ba ta ajiye ba. Ba ta neme ni a zaure ba, ba ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ta wuce har gaban gadon, ta durƙusa, ta dube shi a fuska.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ta naɗe singiletin da hannunta har wuya. Ya laluba yana neman mayafi ya ja, Hajiya Asabe ta riƙe hannun, tana cewa Malam bari, Malam bari. Rakiya ta ɗauka sau ɗaya, ba ta goge komai ba, ta tura. Sannan ta sauke masa rigar, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta.

Wannan karon babu wanda ya turo addu'a. Ba a jima ba waya ta yi ƙara, Dakta Nura ne da kansa, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Ku taho yanzu."

A nan na ga abin da mutanen nan suke iyawa. Kafin mu gama naɗe shimfiɗa wani ya samo mota. Wata ta ce ta ji za a sallami gado a wani asibiti, ban tambayi ta wace hanya aka sallame shi ba. Likita ya turo saƙon murya da za mu riƙa kunna wa jami'an da ke kan shingaye, kuma ko'ina muka kunna sai a janye katako a ce Allah ya ba shi lafiya. Ɗan gidan Sarkin Fawa, wanda ya maimaita aji huɗu, shi ya yi ta bugun waya har aka tanadi tukunyar oksijin kafin mu isa. Hanyar Kano fayau, kasuwannin bakin titi babu kowa, ban taɓa isa birni da sauri haka ba. Kan Yaya a cinyata, ina jin ƙirjinsa yana aiki kamar injin niƙa da ya ci dutse.

An karɓe shi a baranda, aka sa masa abin numfashi, aka shige da shi. Daga nan ba a bar mu mun matsa kusa ba. Ta taga na ƙara ganinsa, cikin rigar asibiti mai igiya a baya. Washegari bayan azahar aka kira ni gefe. Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya sa ya huta. Mutumin da ya kamata garin Kabo ya cika a jana'izarsa, sahu biyu ba su cika ba, kowa nesa da kowa. Babban ɗansa ta waya aka faɗa masa.

Da aka buɗe hanyoyi Dakta Nura ya zo ta'aziyya, ya rame, ya zauna a ƙasa ya ƙi hawa tabarma. Bayan addu'a na raka shi mota. Ban yi niyyar tayar da maganar ba, shi ya tayar.

Ya ce, "Malam, na ga rigar nan fa. Na san abin da na ce a yi. Na ɗauki waya zan ce a cire a sake, na rubuta, na goge. Mutumin da ya koya mini rubuta sunana, in sa a tuɓe shi a gaban jama'a? Sai na ce ai yana kai ƙarshen magana, na kama wannan na riƙe."

Na ce saƙon Rakiya fa?

Ya ce sai bayan rasuwar ya koma sama ya gan shi, a tsakanin amin da amin.

Ya faɗi wata magana da ta zauna mini. Ya ce ciwon nan iska ce ke ƙarewa a jini alhali mutum yana zaune yana gaisawa, shi ya sa dattawanmu suka fi kowa iya ɓoye shi, don sun fi kowa iya zama su gaisa.

Na ce, "Da ya bi motar farko fa?"

Ya daɗe yana juya makulli a hannu. Ya ce, "Allah ne ya sani. Kuma da shi aka ɗauka, da na Getso ne bai kai ba."

Mutumin Getso yana nan da ransa. Rakiya ta nuna mini shi wata ranar kasuwa, yana auna wake, ya yi ƙiba, yana ciniki da murya kamar bai taɓa neman iska ba. Bai san ni ba, ban kuma gabatar da kaina ba. Na sayi wake, ya yi mini gyara. Ba na jin haushinsa ko kaɗan. Iyalinsa ba su yi wata dabara ba, sun dai ɗauke shi yadda suka same shi. Abin da ke damuna shi ne da an ga Yaya yadda yake tun ranar, ko da bai samu wancan gadon ba, da an ci gaba da nema masa wani da irin zafin da aka nema a ranar ƙarshe. Kwanakin da ke tsakani su muka bayar a bakin riga.

Guruf ɗin yana nan har yau, ko da yake annoba ta wuce. Sun sa dokoki biyu bayan rasuwar Yaya. Ɗaukar farko ita ake turowa, kome muninta. Sannan ba a yin addu'a a ƙarƙashin bidiyon mara lafiya, an buɗe wani guruf dabam don addu'a. Na ji wannan na biyun ya fi na farkon jama'a.

Bidiyon farar shadda kuwa ya zagaya dangi kaf. Shi ne hoto mafi kyau da muke da shi na Yaya, Hajiya Asabe takan sa a kunna mata. Duk wanda ya gani sai ya ce ikon Allah, kamar ba shi da ciwo, lallai kwana ne ya ƙare. Nakan ce haka ne. Na biyun Rakiya ta goge shi daga wayarta, ta roƙi abokan aikinta su ma su goge, kuma na gode mata.

Don haka ga abin da zan ce wa duk mai jinyar dattijo. Idan likita ya ce a nuna masa mara lafiya ta waya, to mara lafiya yake nema, ba ango ba. Kada a wanke masa fuska, kada a tayar da shi zaune, kada a jira sai ya huta. Tarin da ya ɓata ɗauka shi ne saƙon. A samu mutum ɗaya a gidan da zai yarda a ce ba shi da kunya na yini ɗaya, a tsaya masa. In dattijon ya yi fushi, ya yi. Gara ya warke ya shekara ba ya amsa gaisuwarka. Wannan magana na faɗe ta a masallaci, na faɗe ta a taron iyayen yara, na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya saurara, har an fara sauya hanya in an hango ni.

Bara hawan jini ya kayar da ni a tsakar gida. Rakiya ta zo da gudu da wayarta, ta durƙusa za ta ɗauka. Ban bari ta danna ba sai da aka miƙo mini hula.